Abin Da Ke Bayan Waƙar Dogo

Shafi na 17

Masu cika min waya da saƙo tun asuba, wai na bar ku a tsaye a bakin hanya, to ga shi nan. Amma wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙwari ya nemi wuri ya zauna tukuna, ba ruwana.

*

Ƙarfe tara saura kwata Auta ta shigo garejin Baba da leda a hannu, baki har kunne. Rigar jikinta sabuwa ce dal, an buga hoton Dogo Mai Jita a ƙirji, a baya kuma an rubuta da manyan baƙi: NAMU NE.

Yau ce ranar. Babban kantin unguwa, inda ta shekara huɗu tana jera kaya, zai ajiye sunan kamfani na wata guda cur ya koma Kantin Dogo, don tunawa da mawaƙin da unguwar ba ta sake yin kamarsa ba tun da haɗarin mota ya ɗauke shi shekara talatin da ɗaya da suka wuce.

Ƙafafun Baba kawai ta gani, sauran jikinsa na ƙarƙashin mota.

"Baba, fito ka ga rigarka. Manaja ya ce kujerarka a gaba take, kusa da ta Goggo. Mai gangar Dogo guda, ai ba za a ajiye ka a baya ba."

"Na ce miki ba zan je ba."

"Haba Baba!"

"Miƙo min sifana mai lamba goma sha uku."

Ta miƙa masa tana zumɓura baki. Sati biyu ke nan tana danne wata magana a ciki, ita kuwa Auta ba a haife ta da riƙe sirri ba. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin motar.

"To ko don waƙar ai ka je."

"Waƙar Dogo wacce ce ban sani ba? Ni na buga musu ganga duka."

"Ta ƙarshen. Wadda ba wanda ya taɓa ji."

Ƙarar sifana ta tsaya cak.

Baba ya turo kansa waje a hankali, ya zauna a ƙasa yana kallonta. Baƙin mai duk a goshinsa.

"A ina kika samu?"

"A akwatinka na ƙarfe. Takardar haihuwata nake nema, sai na ga kaset a naɗe cikin safa, an rubuta Dogo a jiki. Wai so nake in ba ka mamaki."

"Yana ina yanzu?"

"Na kai wa Manaja. An juye shi a kwamfuta, ƙarfe goma za a saka kowa ya ji. Baba, ka ji gangarka kuwa? Wallahi har kuka na yi."

"Kin saurara har ƙarshe?"

"Har ƙarshen waƙar."

"Ban ce ƙarshen waƙa ba. Ƙarshen kaset."

Tun da Auta take ba ta taɓa ganin wani abu ya kuɓuce wa Baba ba, mutumin da ke kwance ƙusa da yatsa biyu. Yau sifanar ce ta suɓuce masa ta buga siminti.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. "Auta, kin kashe ni."

"Baba, mene ne a ciki?"

Ya sunkuya ya ɗauki sifanar.

"Don Allah ka yi magana, kana ba ni tsoro."

Ya ja wata tsohuwar taya ya zauna a kai, ya nuna kusurwar garejin da haɓa.

"A can muka ɗauka, inda injin nan yake jibge. Mai sarewarmu ne ya aro rikoda. Muka gama waƙa, kowa na ta shewa, ba wanda ya tuna ya danna ya kashe. Kaset ya yi ta juyawa yana kwashe duk abin da muke faɗa."

"To sai me? Hira ce fa."

"Ranar Dogo zai kai kayan kiɗa wani gari. Kwana uku akori-kurarsa na hannuna, ya kawo min ya ce birki ya yi laushi. Ni kuwa kwana ukun nan ganga nake ta bugawa, ko tayar ban kwance ba."

Auta ta dafa motar.

"Da zai fita ya tambaye ni ko na gyara. A gaban mutane. Na ce na gyara tun jiya."

"Baba..."

"Kunya ce, Auta. Ba mugunta ba, kunya. Kunyar in ce wa aminina na yi sakaci da aikinsa. Na ce a raina tafiyar ba nisa, gobe in ya dawo na duba."

"Ka bar shi ya hau?"

"Na bar shi. Bayan ya fita mai sarewa ya ce min, kai yaushe ka gyara, ni ban ga ka taɓa ta ba. Sai na yi dariya." Ya kawar da kai gefe. "Dariyar tana ciki. Na ce masa za ta kai shi ta dawo da shi. A gangaren bayan gada motar ta ƙi tsayawa."

Wata mota ta wuce a titi tana ta hon, an ƙawata ta da tutocin kanti. Ba wanda ya waiwaya a cikinsu.

"Wa ya sani?"

"Mai sarewa kaɗai. Ya kawo min kaset ɗin ranar uku, bai ce min uffan ba, kuma har ya koma ga Allah bai sake gaishe ni ba."

"Goggo fa?"

Ya girgiza kai.

Nan ne tunanin Auta ya koma kan Goggo. Goggo, matar Dogo, wadda watanta bakwai kacal a ɗakinsa aka shigo mata da gawa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da nasu. Da mahaifiyar Auta ta rasu ta bar ta tana rarrafe, Goggo ce ta ɗauke ta ta goya, ta yaye ta, ta koya mata ɗaura ɗankwali, ta zauna bakin gadonta duk lokacin da zazzaɓi ya kayar da ita. Ba ta sake aure ba, ba ta haifi nata ba. In aka tambaye ta 'ya'ya nawa gare ta, cewa take ɗaya, kuma ta ishe ta.

"Shi ya sa," Auta ta ce a hankali. "Shi ya sa kake gyara mata famfo tun bai lalace ba. Shi ya sa kake hawa rufinta duk damina. Ni ina ta cewa Babana mutumin kirki ne."

"Auta..."

"Ka zuba ido tana wanke min kai, tana ɗinka min kayan makaranta, tana sa maka albarka safe da yamma, ba ka taɓa buɗe baki ba?"

"Ta yaya zan fara?"

"To me ya hana ka ƙona shi? Me ya sa ka ajiye min shi a inda zan gani?"

"Sau nawa na ƙyasta ashana?" Hawaye ya gangaro ya ratsa baƙin man fuskarsa. "Muryarsa ce a ciki. Na riga na kashe shi sau ɗaya."

Ta so ta yi masa ihu, ta so ta rungume shi, duka biyun suka gagare ta. Ta dubi agogon wayarta. Tara da minti ashirin da biyar.

Ta yar da ledar rigar a ƙasa ta fita da gudu.

*

Kanti kam ya yi kyau, gaskiya ba a ƙin faɗarta. An sauke tsohon allo, an ɗaga sabo mai zanen jita. A bakin ƙofa, inda da aka rubuta barka da zuwa, yanzu cewa aka yi: KAI, SAI YAU? A saman firijin kifi: TAƁA KA SAYA, BA A TAƁA NA BANZA. A hanyar fita: TO, A GAI DA MUTAN GIDA. Duk an rubuta su yadda bakin 'yan unguwa ke faɗa, a haɗiye tsakiya a ja ƙarshe, irin maganar da in ka yi ta a tsakiyar gari sai a tambaye ka daga ina.

Tsofaffin da rabonsu da kantin tun buɗe shi, wai ya fi ƙarfinsu, yau ga su nan suna tura keken sayayya suna karanta alluna suna ƙyaƙyata dariya.

"Autar Mai Ganga!" Mai Nama ya ƙwala mata kira daga bayan teburinsa, ya ɗora rigar Dogo a kan tumbi har fuskar marigayin ta yi faɗi. "Ina tsohon? Ko sai an aika masa da mota? Ki ce masa yau zan taka rawar da na daɗe ban taka ba!"

Ba ta ko kalle shi ba.

Ta iske Manaja a bayan teburin sanarwa, inda kwamfuta da makirfo suke, yana maimaita jawabinsa. Mutumin da a da yake kiran ma'aikaci ofis ya wanke shi tas in ya ji ya yi wa mai sayayya magana da bakin unguwa, yau shi ne ke ta fama da harshensa yana jan ƙarshen kalma kamar mai ciwon haƙori.

"Yallaɓai, alfarma nake nema."

"Auta! Tauraruwar yau. Faɗi."

"In waƙar ta ƙare a kashe. Kada a bari ya wuce."

Ya sauke takardar yana dariya.

"A kashe? Ai abin da ke bayan waƙar shi ne abin! Ke ba ki ji ba, kin fita kina share hawaye. Waƙa na ƙarewa sai na ji Dogo ya yi dariya ya ce, wannan ta amarya ce, kada wanda ya gaya mata. Tsigar jikina ta tashi. Nan take na tsayar."

"Ba ka ji sauran ba?"

"Ni wa? Haram in riga baiwar Allah jin maganar mijinta. Akwai kusan minti uku a gaba, na ce ita za ta fara ji, tare da jama'arta. Mu ma ai mun san mutunci."

"Yallaɓai, hira ce kawai ta maza, ba daɗin ji. Don girman Allah a yanke."

"Bakin alƙalami ya bushe. Jiya da kaina na je na faɗa mata."

Kafin Auta ta sami abin cewa, ta ji an kamo hannunta ta baya. Ko ba ta juya ba ta san wannan tafin hannun, mai kaushin allura.

Goggo ce. Ta sha wani tsohon leshi da Auta ba ta taɓa gani a jikinta ba, karin guga har yanzu a jiki, yana ƙanshin ƙasan akwati.

"'Yar nan, ina kika shiga? Tun ɗazu nake baza ido."

"Goggo, ina kwana."

"Wane kwana? Ai ban runtsa ba." Ta jawo ta gefe, kusa da jerin gwangwanin madara, ta rage murya. "In gaya miki wani abu kada ki yi min dariya? Na manta muryarsa. Ta waƙa ina ji a rediyo, wannan ta kowa ce. Amma yadda yake magana, yadda yake cewa a ba shi ruwa, na yi na yi in tuno, ta ɓace min. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kunya nake ji."

"Goggo..."

"Sai ga shi Allah ya dawo min da ita ta hannunki. Na goyi 'ya ban yi asara ba." Ta shafa kumatun Auta. "Ke kuma me ye na kuka tun ba a fara ba? Ina Babanki?"

"Aiki ya riƙe shi."

"Kullum aiki. Bawan Allah, shi ma ya yi rashi."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ƙarfe goma daidai Manaja ya hau kan akwatin lemo ya yi jawabinsa da aron baki, aka yi masa dariya, aka kuma tafa masa don ya yi ƙoƙari. Aka zaunar da Goggo a kujerar gaba. Ta kusa da ita ba kowa.

Ya sauko ya danna kwamfuta.

Jita ta fara, siririya, daga lasifikokin da kullum ba abin da suke faɗa sai ragin farashin sabulu. Sai ganga ta shigo. Sai muryar Dogo.

Jama'a, kantin nan ya ɗauka! Wata tsohuwa ta saki kwandonta ta ɗaga hannu sama tana juyi. Mai Nama ya fito fili da wuƙarsa a hannu sai da aka ƙwace. Masu karɓar kuɗi suka bar tebur, masu gadi suka bar ƙofa, matasan da ba a haife su ba lokacin da aka binne Dogo suna ta ɗauka a waya suna ihun namu ne, namu ne. Goggo ba ta motsa ba. Ta rufe ido, hannayenta biyu a kan gwiwa.

Auta ta zame ta bayan jerin taliya, ta zagaya ta tsaya gaban kwamfutar. Wani ɗan layi na tafiya a kan allon yana cinye waƙar. Saura minti ɗaya. Saura rabi.

In ta tsayar, ta ƙwace wa Goggo abin da ta shekara talatin da ɗaya tana nema. In ta bari, ta tsiraita ubanta a gaban unguwa, ta kuma kashe wa matar nan miji a karo na biyu. Ta rasa wanda za ta ceta a cikinsu.

Ganga ta yi kirarinta na ƙarshe, ta faɗi.

Auta ta danna.

Shiru. Sai gurnanin firiji.

"A'a! An ɗauke wuta ne?"

"Wace wuta, ga fitilu nan a kunne!"

Manaja ya taho da sauri yana murmushin dole.

"Ke, mene ne haka? Matsa."

"Ya lalace, Yallaɓai."

"Ya lalace ko kin tsayar? Ina kallonki fa. Matsa na ce!"

Ta kife hannayenta biyu a kan kwamfutar, ta ƙi motsi. Duk kantin ya juyo yana kallonta. Ta ji ana ƙus-ƙus, wai ko aljanu ne suka taɓa 'yar Mai Ganga.

Goggo ta buɗe ido.

"Auta? Sakar min mana, 'yar nan. Yanzu fa zai yi magana."

"Goggo, mu je gida. Zan saka miki a gida, ke kaɗai."

"A gida kuma? Ai a gaban mutanensa ya fi. Me kike ɓoye min?"

Auta ta ƙara danne kwamfutar da hannayenta.

"Saki, Auta."

Daga bakin ƙofa muryar ta zo. Mutane suka dare. Baba ne, da kayan aikinsa masu baƙin mai, ko hannu bai wanke ba. Mai Nama ya fara kirari, "Ga mai ganga, ga mai..." sai ya ga fuskarsa, ya haɗiye sauran.

"Baba, don Allah."

"Na ce ki saki. Na gaji."

Ya tako har gaban Goggo. Bai zauna a kujerar da aka ajiye masa ba. Ya durƙusa a kan tayil, gwiwa biyu, ya sunkuyar da kai.

Goggo ta yi 'yar dariya tana gyara mayafi.

"Baban Auta, lafiya? Tashi mana, ga kujerarka. Sai ka ce wani mai neman gafara."

Bai ɗago ba.

Auta ta janye hannunta. Ba ita ta danna ba, Manaja ne.

Kaset ya yi shuuu. Aka ji tafi da shewar samari daga nesa, wani na buga gwangwani. Sai dariya mai kauri, ta mutum mai ƙoshin lafiya.

"Wannan ta amarya ce. Kada wanda ya gaya mata!"

Goggo ta toshe baki da hannu biyu, kafaɗunta na girgiza. Mata suka ɗau guɗa. Har Manaja sai da ya share ido.

Aka ji ƙarar makullai.

"To ni na kama hanya. Mai Ganga, ka gyara min birkin nan kuwa?"

Guɗar ta yanke.

"Tun jiya," wata murya ta amsa, ta saurayi, sakayau. "Hau ka tafi."

"Allah ya bar mu tare, aboki."

Ƙofar gareji ta yi ƙara. Mota ta tashi, ta yi nisa. Goggo ta sauke hannunta daga baki a hankali.

"Kai, yaushe ka gyara?" wani ya tambaya a cikin kaset ɗin. "Ni ban ga ka taɓa ta ba."

Sai dariyar ta fito ta kowace lasifika, daga ɓangaren nama har bakin ƙofa.

Goggo ta dubi mutumin da ke durƙushe a gabanta. Ta daɗe tana dubansa. Da ta yi magana, muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"Baban Auta. Ɗago ka kalle ni. Dariyarka ce wannan?"